Saniya Ba Fartanya Ba Ce: Tafarnuwar Daji da Masu Kiwon Amurka

Idan watan Maris ya kama a jihohin Kentaki da Tenesi na Amurka, direbobin motocin da ke bi gona-gona suna kwasar madara sukan ƙara kula da hancinsu. Direba zai tsaya a bakin ɗakin tatsa da sassafe, amma ba zai jona tiyo nan take ba. Zai fara buɗe murfin tankin manomi, ya sunkuya, ya shinshina. In ya ji ƙamshin madara zalla, sai ya auna, ya ɗebi samfuri, ya zuƙe ya wuce. In kuwa warin tafarnuwa ya bugi hancinsa, to yana da ikon ya rufe murfin ya tafi ya bar ta, domin madarar gona ɗaya tana iya lalata ta gonaki biyar da ke cikin motarsa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Manomin da aka bar wa madararsa ya san inda abin ya fito. Ya leƙa makiyayarsa, wadda sanyin hunturu ya bar ta ja wur, ba ciyawa sai tsilli-tsilli, ya ga wasu tumin ganye kore shar, siri-siri kamar na albasar da ba ta daɗe da tsirowa ba. Shanun da suka yi wata uku suna cin busasshen harawa ba za su ga ɗanyen ganye su wuce ba. Sun ci, ga kuma sakamakon a cikin tanki.

A nan ne wata tambaya takan taso, kuma ana maimaita ta duk shekara tsakanin masu ƙananan gonaki a Amurka da Ingila: wace dabba ce za a saya a saki a wurin ta cinye wannan tafarnuwar daji a huta? Wani ya ce tumaki, wani ya ce awaki, wani ya ce a kawo aladu su tone. Mai wannan shafi yana ganin tambayar tun daga tushenta ta karkace, kuma dabbar ce take ɗaukar wahalar wannan karkacewa.

1. Suna ɗaya, tsiro uku

Kafin a yi maganar dabba, sai an san da wa ake faɗa, domin sunan tafarnuwar daji ya rufe tsirrai da halinsu ya sha bamban.

Akwai wadda masana ke kira Allium ursinum, mai faffaɗan ganye da farin fure, wadda take shimfiɗuwa a ƙarƙashin itatuwan tsofaffin dazuzzukan Turai. Wannan ba abokiyar gaba ba ce. Mutane suna tsinkar ganyenta a watan Afrilu su yi miya, kuma a Birtaniya masu kula da daji suna ɗaukar ganinta a matsayin alamar cewa dajin tsoho ne. Dokar kare namun daji da tsirrai ta ƙasar ta 1981 ma ta hana mutum tumɓuke tsiron daji ba tare da izinin mai ƙasa ba.

Akwai Allium triquetrum, mai kara mai kusurwa uku, wadda aka ɗauko daga yankin Bahar Rum don ado a lambu, ta tsallake shinge ta cika bakin hanyoyi. Tururuwa ce ke jan irinta tana bazawa. A Ingila da Wales laifi ne a shuka ta a daji.

Sai ta ukun, Allium vineale, wadda ita ce ciwon kan manomi. Asalinta Turai da arewacin Afirka da yammacin Asiya. Ta bi jiragen ruwa ta shiga Amurka tun zamanin mulkin mallaka, ta kafa sansani daga Bajiniya da Maryland har zuwa Ilinoi da Mizuri. Ta isa Ostireliya ma, inda jihar Biktoriya ta sa ta cikin jerin ciyayin da doka ta wajabta a yaƙa. Ganyenta zagaye ne, mai rami a ciki kamar tsinken shan lemo, da santsi kamar an shafa masa kakin zuma. Ita ce abin magana a nan.

2. Ganye a sama, dukiya a ƙasa

Wanda ya tona tumi ɗaya na wannan tsiro da wuƙa a watan Mayu, ya karkaɗe ƙasar a tafin hannunsa, zai fahimci dalilin da ya sa kiwo kaɗai ba ya kashe ta. A tsakiya akwai uwar, ƙaramin kai fari. A jikinta akwai 'ya'ya iri biyu manne. Wasu masu laushin ɓawo ne, waɗanda za su tsiro da zarar sanyin watan Oktoba ya sauka. Wasu kuma ƙanana ne masu taurin ɓawo, launin ƙasa-ƙasa, gefe ɗaya a baje, waɗanda in aka ja tsiron da hannu sukan ɓalle su zauna a ramin. Waɗannan masu taurin su ne matsalar. Ba sa tsirowa gaba ɗaya. Wasu su fito bana, wasu baɗi, wasu kuma su kwanta a ƙasa shekara biyar suna jira.

Sannan ga na sama. A ƙarshen watan Mayu zuwa Yuni tsiron yakan fitar da dogon kara, a kansa kuma, maimakon fure kawai, sai ya ɗaure wani dunƙule na 'yan ƙananan ƙwayoyi, gomiya-gomiya a kai ɗaya, wani lokacin fiye da ɗari. Kowace ƙwaya cikakkiyar tafarnuwa ce da ke jiran ta taɓa ƙasa. Ba ta buƙatar ƙudan zuma, ba ta buƙatar barbara.

To dabba me take iya kaiwa gare shi? Ganye da kara. Tunkiya za ta gwaguye ganyen har ƙasa, kuma in ta yi haka a kan lokaci, ta hana karan fitowa, ta kuma rage wa uwar ƙarfi. Wannan taimako ne na gaske, ba a raina shi ba. Amma haƙorinta ba ya shiga ƙasa. Duk abin da ke kwance a can yana nan daram, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Alade kuwa yana tonawa, yana cin wasu kawunan, amma hancinsa ba rariya ba ne. Yakan farfasa tumin, ya watsa ƙananan 'ya'yan a faɗin wurin, ya kuma bar ƙasa tsirara ba ciyawar da za ta yi gogayya da su. Manomin da ya saki aladu a fili mai tafarnuwa yana iya wayar gari baɗi ya tarar ya yi mata shuka ne da kansa.

3. Kuɗin da dabba take biya

Wannan shi ne ɓangaren da masu neman hanyar araha ba sa son tsayawa a kai, kuma shi ya fi damun mai wannan shafi.

A fara da madara. Warin tafarnuwa yana fitowa ne daga wasu sinadarai masu ɗauke da farar wuta. Idan saniya ta ci ganyen, ba sai abincin ya gama narkewa ba kafin warin ya kai hantsa. Iskar da take gyatsowa daga tumbi tana komawa huhu, daga huhu ta shiga jini, daga jini ta sauka cikin madara. Tun a farkon ƙarnin da ya wuce masu binciken Ma'aikatar Noma ta Amurka suka nuna cewa cikin 'yan mintoci warin yake bayyana, kuma yana ɗaukar sa'o'i kafin ya gushe. Daga nan aka samo tsohuwar shawarar da har yau ake bai wa masu shanu: a fitar da su daga irin wannan makiyaya sa'o'i da dama kafin tatsa. Warin yana son maiƙo, saboda haka ya fi kamawa a kirim da man shanu, kuma tafasawa ba ta fitar da shi duka.

Marubucin Ingila Thomas Hardy ya san wannan sarai. A littafinsa Tess of the d'Urbervilles na 1891, akwai wurin da mai gidan madara ya sami wasiƙar ƙorafi cewa man shanunsa yana da wani ɗanɗano. Ya ɗanɗana ya gane tafarnuwa ce. Sai ya tara duk ma'aikatansa, maza da mata, suka jera sahu riƙe da tsofaffin wuƙaƙe, suka bi makiyayar taku-taku a sunkuye suna duba ƙasa. Abin da suka samo bai wuce 'yan tsiro kaɗan ba, amma waɗannan kaɗan ɗin sun isa su ɓata kayan gidan. Labari ne ƙagagge, sai dai aikin da ya siffanta na gaske ne, kuma abin lura shi ne mai gidan bai ce a bar shanu su ƙarasa cinye ta ba. Mutane ya sa suka sunkuya.

Nama ma yana kamawa. Rago ko sa da aka yanka kai tsaye daga fili mai tafarnuwa, namansa yakan zo da warin, shi ya sa ake janye dabba zuwa wani abinci na tsawon kwanaki kafin a kai ta mayanka. Kaji in sun ci da yawa, ƙwansu ma ba ya tsira.

Duk wannan asarar aljihu ce. Akwai wadda ta fi ta, wato asarar jini. Dangin albasa baki ɗaya, na gida da na daji, suna ɗauke da sinadaran da ke ƙona sinadarin da ke riƙe iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Ƙwayar da ta ƙone takan yi wani ɗan ƙullutu a jikinta, wanda likitocin dabbobi ke gani a madubin gwaji, suna kiransa da sunan Heinz, Bajamushen da ya fara siffanta shi. Saifa takan tsinto irin waɗannan ƙwayoyi ta rushe su, wasu kuma su fashe a cikin jijiya. In abin ya yi yawa, jini ya ragu ke nan.

Mugun halin cutar shi ne ba ta nuna kanta ranar da aka ci. Sai bayan kwanaki mai dabba zai ga sansa ya ja baya daga garke, yana haki daga ɗan tattaki, yana tangaɗi. In ya ɗaga leɓensa zai ga dasashin ya yi fari fat ko ya yi ɗorawa. Fitsarin ya koma ja mai duhu kamar ruwan shayi mai kauri. Numfashin yana warin albasa. Saniya mai ciki tana iya ɓari. A wannan hali ko korar dabbar da gudu aka yi tana iya faɗuwa, domin jinin da ya rage bai isa ya ɗauki gudu ba.

Dabbobi ba ɗaya suke ba a wajen juriya. Shanu su ne suka fi rauni a cikin dabbobin kiwo, dawakai suna biye da su, kuma an rubuta rahotannin dawakan da albasar daji ta kashe a Amurka. Karnuka da kyanwoyi ma suna saurin kamuwa. Tumaki da awaki su ne masu dama-dama. A Jami'ar Jihar Kolorado an yi gwaji da tumaki masu ciki waɗanda aka ɗora a kan cin albasa zalla: jininsu ya ragu da farko, daga baya suka farfaɗo suka haihu lafiya, domin ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbinsu sun saba, sun koyi sarrafa farar wutar. Masu cewa a kawo tumaki sukan kafa hujja da irin wannan. Amma juriya ba kariya ba ce. A Ingila an taɓa ba da rahoton tumakin da ake zargin tafarnuwar daji ce ta halaka su. Masana abincin dabbobi a Amurka ma, waɗanda ke ba da shawara kan ciyar da shanu ragowar albasar da kasuwa ta ƙi, suna gargaɗin kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen nauyin abincin, a kuma gauraya ta da wani abu don kada saniya ta zaɓe ta ita kaɗai, domin in suka ɗanɗana sukan so ta.

A makiyaya mai wadatar ciyawa, da wuya dabba ta ci adadin da zai kayar da ita. Haɗarin yana zuwa ne daidai lokacin da mai gona ya yi abin da ake ba shi shawara: ya killace dabbobi masu yunwa a wuri mai cike da tafarnuwa, a watan da babu wani kore sai ita, don ya tilasta musu su cinye. Garin gyaran gira sai a rasa ido.

4. Ƙwaya uku a kilo guda

Manomin alkama ba shi da madarar da za a ƙi, amma nasa ciwon bai fi sauƙi ba. Alkamar hunturu ana shuka ta a watan Oktoba, daidai lokacin da tafarnuwar ke tsirowa, ana girbe ta a watan Yuni, daidai lokacin da ƙwayoyin saman kara suka nuna. Girman ƙwayar da nauyinta sun yi kusa da na ƙwayar alkama, saboda haka injin girbi yakan haɗa su ya zuba a mota, rariya kuma ba ta raba su. A injin niƙa, ɗanyar ƙwayar takan dame ta manne a jikin ƙarafan da ke murƙushe hatsi, dole a tsayar da aiki a wanke, fulawar kuma ta fito da wari.

Shi ya sa ƙa'idar tantance hatsi ta gwamnatin Amurka ta ware wa irin wannan alkama suna na musamman. In aka ɗebi giram 1,000 aka sami ɗanyun ƙwayoyin tafarnuwa fiye da biyu, ko busassu da suka kai kwatankwacin haka, to an yi mata tambarin mai tafarnuwa, kuma mai saye zai rage kuɗi. Ƙwaya uku a kilo guda sun isa. Najeriya tana cikin manyan masu sayen alkamar Amurka, don haka wannan ƙidaya da ake yi a rumbunan can tana da alaƙa da burodin da ake saya a Kano da Kaduna.

Babu tunkiyar da za a saki cikin alkamar da ta fitar da kai.

5. Abin da ke aiki, da tsawon lokacin da yake ɗauka

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Manoman da suka ci galabar wannan tsiro ba su yi shi da dabara ɗaya ba, ba su kuma yi shi a shekara ɗaya ba.

Tsohuwar hanya ita ce huɗa a ƙarshen kaka, wajen watan Nuwamba, lokacin da tsiron ya gama zuƙe abincin da ke cikin kansa ya fitar da ganye, bai kuma fara ɗaura sababbin 'ya'ya ba. Garma ta kife shi, sanyi ya ƙarasa. A sake bi da garma a farkon bazara, sannan a shuka abin da ake nomewa tsakanin layi, kamar masara ko waken soya. A maimaita haka shekara uku, huɗu, har biyar, domin kowace shekara akwai sabon rukunin masu taurin ɓawo da ke farkawa. Wanda ya yi shekara biyu ya ga fili ya yi fes ya saki jiki, a ta huɗu zai koma gidan jiya.

Maganin feshi ya sauƙaƙa aikin amma bai soke haƙurin ba. An daɗe ana amfani da 2,4-D, sai dai santsin ganyen da tsayuwarsa a miƙe suna sa maganin ya zame ya zube, kuma a makiyaya yana kashe ciyayi dangin wake waɗanda ke ƙara wa ƙasa taki. A shekarun 1980 kamfanin DuPont ya fito da wani sabon jerin magunguna da ake fesawa 'yan giram kaɗan a hekta, kuma ɗaya daga cikinsu, Harmony Extra, ya zama abin dogaron masu alkama, domin yana hana ƙwayoyin sama ɗaurewa, yana kuma rage na ƙasa. Shi ma yana da lokacinsa: ana fesa shi tsiron bai wuce santimita 30 ba, yana cikin fitar da sabon ganye. Duk wanda ya yi feshi a makiyaya kuma wajibi ne ya kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin maganin kafin ya mayar da shanun tatsa.

A ƙaramin fili, wuƙa da shebur sun fi komai, muddin za a ɗago tumin duka da ƙasarsa, lokacin da ƙasa ke da laima, a ƙone ko a zubar nesa. Zuba shi a juji daidai yake da ajiye iri. Yanka da inji kafin kara ya ɗaure kai yana tsayar da yaɗuwar sama. Sai kuma tsare ƙofa: a duba irin alkamar da za a saya, a duba harawar da ake shigowa da ita, a wanke garmar da ta fito daga gonar da ta kamu. Da yawan gonakin da ke fama da ita a yau, a cikin buhun iri ko damin harawa ta shigo musu.

To ina gurbin dabba? Akwai shi, kuma mai wannan shafi ba ya musunsa. Tumaki, ko shanun da ba a tatsa kuma ba a kusa yanka su ba, suna iya bin wurin a ƙarshen kaka da farkon bazara, na ɗan lokaci, da cikinsu a cike da harawa, mai su kuma yana duba dasashinsu da fitsarinsu. Hakan yana rage ganye, yana hana kara, yana bai wa ciyawar kirki damar rufe ƙasa. Makiyaya mai kauri wadda ba a cinye ta ƙarƙaf ba ita ce babbar katanga, domin tafarnuwar ta fi samun wuri inda ƙasa ta yi sanƙo. Ma'ana, yawan kiwon da ake fatan zai kashe ta shi ne sau da yawa yake buɗe mata hanya.

6. Kalma ga masu albasa

Wannan tsiro na ƙasashen sanyi ne, ba ya cikin damuwar manomin Sakkwato ko na Maraɗi. Amma sinadarin da ke rushe jinin saniya a Kentaki shi ne dai ke cikin albasar Aliero da ta Galmi da tafarnuwar fadamun Sakkwato. Lokacin da albasa ta yi kwantai, ko ta fara ruɓewa a rumbu, abu ne mai sauƙi a kwashe ta a zuba wa shanun turke don kada a yi asara biyu. Wanda ya ga jan fitsari a wajen sansa yakan fara zargin cutar da kaska ke kawowa, kuma sau da yawa yana da gaskiya, amma likitan dabbobi ba zai iya rarrabewa da wuri ba in ba a gaya masa abin da dabbar ta ci a makon ba.

Saboda haka mai san ƙiba da ke zaune kusa da kasuwar albasa, kada ya mayar da ragowarta abincin yini. In zai ba da ita, ya ba da kaɗan, a gauraye da dusa da harawa, ya nisantar da ita daga doki da kare. Ranar da ya ga dasashi ya yi fari ko fitsari ya sauya launi, ya janye albasar nan take, ya bar dabbar a inuwa ba tare da kora ba, ya kira likita, ya kuma faɗa masa gaskiyar abin da ya zuba a kwami.